Yarinyar da Zanen Yatsanta Ya Shafe: Almara Tsakanin Sharaɗa, Challawa da Bompai

 

Tun da muka roƙe ku ku riƙa aiko mana da gajerun labarai, akwai abin da muka lura da shi. Kusan duk labarin da ya iso hannunmu a ɗaya daga cikin wurare biyu yake faruwa. Ko dai a wani katafaren gida mai motoci shida da maigadi a bakin get, ko kuma a wata ƙasar aljanu bayan tekuna bakwai, inda jarumi ke sare kan dodo da takobi. Amma idan muka duba inda masu aikowar suke zaune, sai mu ga Ja'en, Sabuwar Gandu, Panshekara, Dakata, Tudun Murtala. Wata ɗaliba 'yar aji biyar ma ta rubuta a ƙasan takardarta cewa mu yi haƙuri, ta kai labarinta Abuja ne saboda unguwarsu babu komai a cikinta sai wari da ƙarar inji.

Wannan magana ta tsaya mana a rai, domin mu ma mun taɓa yin irin wannan tunanin. Shi ya sa muka ware filin yau gaba ɗaya don mu ba ta amsa, ita da duk mai ra'ayi irin nata.

Abin da ya faru a gidanmu

Mu ma a gefen Sharaɗa muka tashi. Yayarmu ta gama sakandare, kuɗin ci gaba bai samu ba, sai ta kama aiki a wani kamfani inda ake wanke tsofaffin robobi da ledoji a niƙa su a sake narkarwa. Shekara biyu hannunta yana cikin ruwan soda daga safe har la'asar. Da abin da ta tara a adashi ta je yin rajistar jarrabawar shiga jami'a. Aka ce ta ɗora babban yatsanta a kan na'ura. Na'ura ta yi shiru. Mai rajistar ya ce, "Malama, goge a jikin hijabinki ki sake ɗorawa." Ta goge, ta sake. Aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fito. Zanen da ke jikin yatsun ya suɗe.

Da ta dawo gida ta zauna kusa da murhu, ta miƙa wa mahaifiyarmu tafin hannunta tana dariya, ta ce, "Umma, kamfani ya cinye min yatsa, saura suna." Umma ba ta yi dariya ba. Sai da Yaya ta ajiye aiki na wasu makonni tana shafa man kaɗe, fatar ta farfaɗo, sannan na'ura ta yarda cewa akwai ta a duniya. Waɗannan makonni kuwa babu ko sisi da ya shigo mata.

Mun daɗe muna juya wannan magana ta "saura suna" a zuci, ba mu san yadda za mu rubuta ta ba. Idan muka rubuta ta yadda ta faru, layi huɗu ne kawai, mai karatu ya ce "Allah sarki" ya wuce. Sai da muka shiga jami'a muka ci karo da wani salon rubutu da aka yi shi domin irin wannan abu.

Mene ne wannan salon?

Turawa suna da sunan da suke kiransa. Mu a nan bari mu kira shi almarar zahiri. Labari ne da ake kafa shi a wuri na gaske, da mutane irin waɗanda muka sani, da kuɗin haya da bashi da layin ɗiban ruwa, sai kuma a saka abu guda da ba zai taɓa yiwuwa ba, a ba da shi kamar ba komai ba ne. Mutanen cikin labarin ba sa ihu ko su suma. Sukan karɓi abin kamar yadda muke karɓar ɗauke wuta.

Wanda ya fi shahara da shi shi ne Gabriel Garcia Marquez, mutumin ƙasar Kolombiya, wanda ya sami kyautar Nobel a 1982. Littafinsa da ya fi suna, wanda ma'anar sunansa ita ce shekara ɗari na kaɗaici, ya fito a 1967. Ya sha faɗa cewa a wajen kakarsa ya koyi muryar, domin ita takan ba da labarin abin da ba zai yiwu ba fuskarta ko gezau. Ku dubi abin da ya yi da wannan murya. A watan Disambar 1928, sojoji sun buɗe wuta a kan ma'aikatan gonakin ayaba na kamfanin United Fruit na Amurka da ke yajin aiki a garin Cienaga. Har yau ana gardama a kan yawan waɗanda suka mutu. A cikin littafin, an loda gawarwaki a jirgin ƙasa an tafi da su, washegari kowa a garin ya ce babu abin da ya faru, sannan aka kece da ruwan sama na kusan shekara biyar. Babu inda aka taɓa yin ruwa haka. Amma wanda ya karanta ba zai manta da yadda ake wanke jinin talaka daga tunanin mutane ba.

A Najeriya akwai Ben Okri, wanda aka haifa a Minna. Littafinsa The Famished Road ya ci kyautar Booker a 1991. Yaron da ke ba da labarin irin yaran nan ne da Yarabawa ke kira abiku, mu kuma muke cewa ɗan wabi. Yana ganin iskoki a kasuwa da kan hanya, amma mahaifinsa ɗan dako ne, mahaifiyarsa 'yar talla, kuma mai gidan haya ba ya ɗaga musu ƙafa. Akwai Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, wanda tarin gajerun labaransa The Whispering Trees ya fito a 2012, cike da matattu da mafarkai da ke yawo a garuruwan Arewa.

Wadda ta fi kusa da maganarmu ta yau ita ce Lesley Nneka Arimah. A 2015 mujallar The New Yorker ta buga wani labarinta, Who Will Greet You at Home. A duniyar labarin, mace da hannunta take ƙera jaririnta kafin a sa masa albarka ya rayu. Masu kuɗi suna yin nasu da kaya masu tsada da ƙwari, talaka kuwa da zare ko laka. Yarinyar labarin tana aiki a shagon gyaran gashi, uwar ɗakinta kuma idan kuɗi bai isa ba sai ta cire haƙƙinta daga farin cikin yarinyar. Daga ƙarshe ta tattara gashin da take sharewa a shago ta yi jariri da shi, jaririn kuma ya zo da yunwar da ba ta ƙarewa. Duk wadda ta taɓa yin aikatau ta san uwar ɗakin da ke karɓar farin ciki a madadin kuɗi.

Mu ma ba baƙi ba ne

Kada ku ɗauka sai an je Kolombiya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu ta 1933, akwai aljanu da abubuwan al'ajabi. Sai dai a can jarumi ne ke barin gida ya yi doguwar tafiya ya tarar da al'ajabi. A almarar zahiri al'ajabin ne ke iske mutum a layin famfo da jarka a hannu.

Ku tuna tatsuniyar Ta-kitse da kakanni suka ba mu. Yarinya ce da aka yi ta da kitse, kowa ya san wuta da rana ba nata ba ne, amma kishiyoyi suka matsa mata sai ta yi aiki a gaban wuta, ta narke. Muna yara mun ɗauka labarin kishi ne kawai. Yanzu idan muka ga 'yan mata suna fitowa daga ɗakin da ake narka roba, gumi ya jiƙa hijabi, fuska ta yi fayau, Ta-kitse muke tunawa. Kakanninmu sun riga sun san yadda ake ba da labarin jikin da aiki ke cinyewa.

Marubutanmu na baya-bayan nan ma ba su kau da kai daga wahalar talaka ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya baro ƙauye ya shigo birni yana zaton daɗi. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, mun ga matar da miji ya kora da 'ya'ya tara, ta riƙe su da sayar da abinci. Amma a cikin tulin littattafan da muka karanta tun muna ƙananan aji, 'yar kamfani ba ta cika fitowa ba. In ma ta fito, sai dai a shafi na uku wani Alhaji ya gan ta ya aure ta, daga nan kamfani ya ɓace daga labarin.

Unguwar da aka ce babu komai a cikinta

Bari mu duba abin da ke cikin waɗannan unguwanni. Bompai ce babbar yaya. Tun kafin samun 'yancin kai a 1960 aka fara kafa masana'antu a can, daura da layin dogo, a zamanin da gyaɗa ke riƙe da arzikin Kano. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 kuma kuɗin man fetur ya shigo. Masaƙu, kamfanonin jima, na alawa da biskit, na man gyaɗa, na takalma da robobi, duk suka cika wuraren. Wani masani ɗan Amurka, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin kamfanonin Kano a shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansu a 1986. Ya nuna cewa da yawansu mutanen karkara ne da suka yi karatun allo, suka shigo birni neman abin kai.

A wannan shekara ta 1986 ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP. Darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran inji da kayan sarrafawa da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, ga atamfa mai araha tana kwararowa daga ƙetare. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda, waɗanda iyayenmu ke ambata da alfahari, injinansu suka yi shiru. Duk wanda ya bi ta Bompai ya ga dogayen katangu da ƙofofi masu tsatsa, ciyawa ta fito a inda ɗaruruwan mutane ke sauya aiki dare da rana. Da iyaye maza suka rasa albashi, nauyin tukunya ya gangaro kan iyaye mata da 'yan mata: tsintar riɗi da zoɓo, ware robobi, ɗaure kaya a leda, sayar da abinci a ƙofar kamfanin da ya rage.

Sai ruwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin fata ta zama takalmi, sai an jiƙa ta da farar ƙasa da wani sinadari mai cire gashi, wanda shi ke ba da warin nan irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Sannan a jeme ta da gishirin kuromiyam, wanda ke mayar da ita shuɗi-shuɗi. Ruwan da ya rage dole ya nemi hanya. Na Sharaɗa yana bi ta rafin Salanta, na Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara. A gefen waɗannan rafuka akwai masu noman rani da ke shuka latas da alayyafo. Yaran unguwa sun san ranar da kwata ke yin baƙi da ranar da take yin ja ko shuɗi, kamar yadda wasu suka san ranakun kasuwa. Idan marubuci ya rubuta cewa a wani gari rafi yana canza launi kullum, sai a ce almara ce. Mu kuwa ta kansa muke tsallakawa mu je makaranta.

Ga wani kuma. A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda sun shiga wani kamfanin shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata fiye da 100, waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata uku. Kafafen yaɗa labarai na gida da waje sun ɗauka. Gida mai ƙofar da ake shiga ba a fita, ai a tatsuniya muka saba jin sa. Labarin 'yar da ta yi wata uku tana ajiye wa mahaifinta tuwon dare yana kwana a rufe, yana nan yana jiran mai rubutawa.

Me ya sa aljanu ke bin 'yan mata?

Iyayenmu suna tuna abin da aka kira Sumbuka a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata da yawa a makarantun sakandaren Kano suka riƙa faɗuwa suna fizge-fizge, aka yi ta ruƙiyya. Abin mamaki, irin wannan ya faru a wata ƙasar Musulmi mai nisa. A Malesiya, a shekarun 1970, 'yan matan ƙauye da aka ɗauka aiki a kamfanonin haɗa kayan lantarki sun riƙa kurma ihu suna faɗuwa a kan injina, suna cewa sun ga iska a banɗaki ko a cikin madubin aiki, har wani lokaci a rufe kamfani. Wata masaniya, Aihwa Ong, ta rubuta littafi a kan haka a 1987. A fahimtarta, yarinyar da aka hore ta da kunya, ba ta da ƙungiya, ba ta iya ɗaga murya a gaban shugaban aiki, jikinta ne ke yin maganar da bakinta ya kasa.

Ba mu zo yanke hukunci a kan wannan ba. Mu Musulmi mun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, kuma likitoci ma suna da nasu bayanin game da gajiya da firgici. Abin da ya shafi marubuci shi ne wannan: a inda aka hana mutum magana, labarin abin tsoro yakan zama hanyar da gaskiya ke bi ta fito. Shi ya sa wannan salo ya dace da 'yar kamfani, wadda aka koya mata cewa haƙuri shi ne ado.

Ga ɗan gwajinmu

Don kada mu yi ta faɗa ba nunawa, ga abin da muka yi da maganar Yaya. Ƙirƙira ce, ba ta nufin kowa.

Auta ta shekara biyu tana wanke roba lokacin da zanen yatsunta ya tafi. Ba ta damu ba, domin 'yar gidan mai koko ma haka ta yi bara. Bayan wata ɗaya mai kiran suna a ƙofar kamfani ya zo kan nata ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya duba takarda ya ga wurin fari fat. Ya ce, "Ke, ta bayan mai jan hijabi, wuce." Ranar Asabar aka biya ta cif, ba a rage ko Naira ba.

A gida Inna ta zuba tuwo kwano biyar, ta tsaya tana kallon na biyar. Ta ce, "Wannan na wane ne?" Auta ta ce, "Nawa ne, Inna." Inna ta ce, "To, ɗauki, 'yar nan," ta koma tana ƙirga 'ya'yanta da yatsu, tana tsayawa a na huɗu.

Ran kasuwa Inna ta sayo sabuwar buta. Da ta zo alwalar magariba ta ji wani abu a ƙasan butar yana taɓa mata hannu. Ta juya ta, ta haska da fitilar waya. Zanen babban yatsa ne, da ɗan tabon nan na wuƙar yankan kuɓewa. Inna ta ce, "Hauwa'u." Rabon da a ji sunan a gidan tun kafin azumi. Maƙwabta suka duba nasu bokitai da kofuna, kowa ya samu. Mai koko ta leƙo ta katanga ta ce, "Ku gode Allah, tawa a ƙasan silifas aka same ta, duk gari ana taka ta."

Ranar rajistar jarrabawa Auta ta tafi da butar a cikin leda. Da yatsunta goma suka ƙi, sai ta ɗora gindin butar a kan na'ura. Na'ura ta yi ƙara, ta kawo sunanta da hotonta. Mai rajista ya buga takarda, ya miƙa wa butar. Ya ce, "Ranar Talata ƙarfe bakwai. Ke kuma Malama, masu rakiya a waje suke jira."

Auta ta ɗauki takardar ta ninke ta sa a jaka. A hanya ta tsaya ta sayi man kaɗe na Naira ɗari biyu. Talata saura kwana goma sha tara.

Yadda za ku yi naku

Ku lura da abubuwan da muka kiyaye. Na farko, abu ɗaya tak muka ƙirƙira, wato abin da aiki ya suɗe daga jikin yarinya yana komawa jikin kayan da ta yi. Sauran duk na gaske ne: mai kiran suna, biyan Asabar, tuwo, buta, fitilar waya. Idan kuka cika labari da aljanu goma da zobe mai magana, kun koma littafin yaƙi, wanda shi ma yana da daɗinsa amma wani abu ne daban.

Na biyu, abin al'ajabin daga cikin wahalar ya tsiro. Kafin ku ƙirƙira, ku tambayi kanku: mene ne wannan aiki yake ɗauka daga mutum? Mai tsintar riɗi idonta ne. Mai ɗaure leda bayanta ne. Mai aikin dare barcinta ne. To, ina idon yake tafiya? Wa yake yin barcin da aka ƙwace mata? Amsar ita ce labarinku.

Na uku, babu wanda ya yi salati ya faɗi. Mai koko ta yi magana kamar ana hirar tsadar gawayi. Wannan sanyin murya shi ke sa tsigar jikin mai karatu ta tashi, domin yana tuna masa abubuwan da shi ma ya saba da su alhali bai kamata a saba ba.

Na huɗu, ba mu kashe Auta ba. Duhun labari ba yawan jini da gawa ba ne. Ku bar wa yarinyarku wayo da taurin kai da abin dariya, kamar yadda yayyenku suke da su. Ta sayi man kaɗe, tana ƙirga kwanaki. Ko za ta shiga ɗakin jarrabawa, mai karatu ne zai kwana yana tunani.

Sai gargaɗi, kuma da gaske muke. Kada ku rubuta labarin da zai nuna wata tsohuwa ta unguwarku a matsayin mayya, ko da kun canza mata suna. Zargin maita ya sa an doki mutane an kore su daga gidajensu, kuma kusan kullum marasa gata ne abin ke faɗawa a kansu. Kada ku mayar da boka gwarzo, kun san matsayin sihiri a addini. Kada ku ambaci sunan kamfani ko na mutum ku jingina masa laifin da ba ku da hujja a kai. Kada kuma wani ya ce zai tsallaka katangar rufaffen kamfani ko ya taɓa ruwan kwata da sunan bincike. Abin da kuke buƙata yana cikin gidanku.

Aikin wannan mako

Ku sami Umma, ko Yaya, ko wata maƙwabciya da ke fita aiki, ku gaishe ta da ladabi bayan ta huta, ku nemi izininta. Ku tambaye ta abu uku: ina ne ke mata ciwo idan ta dawo, yaya ake lissafin kuɗinta, kuma wace magana ce suke yi a tsakaninsu idan shugaban aiki ya ba da baya. Ku rubuta amsar da kalmominta, kada ku gyara mata Hausa. Sannan ku ƙara abu ɗaya da ba zai yiwu ba, ku rubuta shafi ɗaya ko biyu. Kafin ku aiko mana, ku karanta mata. Idan ta ce a cire wani abu, ku cire, domin rayuwarta ce kuka ara.

'Yan mata, ku sani cewa a 2016 sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata zalla. Kafin shekarunku su kai na shiga, ku fara wasa alƙalaminku a nan. Samari kuma kada ku ce ba ruwanku. Da yawanku da kuɗin tsintar riɗin wata aka saya muku takalmin makaranta.

Ke kuma ƙanwarmu da kika kai labarinki Abuja, mun karanta shi, kuma kin iya jera magana. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu rubuta Abuja suna da yawa, wanda ya san ƙarfe nawa injin bayan gidanku ke yin shiru, da abin da ake ji a unguwa idan ya yi shirun, ke kaɗai ce. Muna jiran wannan labarin.

Yayarmu tana aji biyu yanzu a kwalejin ilimi. Da muka karanta mata labarin Auta ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce mun yi kuskure ɗaya: ba ranar Asabar ake biya ba, ranar Juma'a ce, kuma ba a taɓa biya cif ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.